Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Abin da Kimiyya ta Gano Game da Sake Haɗuwar Abokan Makaranta

Gabatarwa

Sandamu ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar da ke ƙarƙashin masarautar Daura a Jihar Katsina. Sauran huɗun su ne Daura da Baure da Mai'aduwa da Zango. A garin Sandamu akwai makarantar sakandaren kimiyya ta 'yan mata, wadda ke karɓar ɗalibai daga sassa daban-daban na jihar. Haka kuma yaran Fago da Karkarku da Katsayal da Kwasarawa da Rijiyar Tsamiya sun daɗe suna fita neman ilimin sakandare, wasu a kusa da gida, wasu a Daura ko Katsina ko wani gari mai nisa. Duk wanda ya shiga irin wannan makaranta yakan shafe shekara biyar ko shida tare da sa'o'insa, aji ɗaya, ƙararrawa ɗaya, sau da yawa ma akushi ɗaya. Ranar da aka ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe kuwa sai kowa ya kama gabansa.

A 'yan shekarun nan an ga wani sabon al'amari. Mutanen da rabonsu da juna ya kai shekara talatin ko fiye suna sake gamuwa ta wayar hannu, suna buɗe zaure guda a WhatsApp ko Facebook, kowa yana ba da labarin inda rayuwa ta kai shi: aure da haihuwa, aiki da ritaya, jikoki, ciwo da rashe-rashe. Wannan al'amari ya ƙunshi tambayoyi da dama na ilimin halittu. Yaya ƙwaƙwalwa ke riƙe fuskar mutum tsawon wannan lokaci? Me ya sa shekarun sakandare suka fi sauran shekaru zama a rai? Me ya sa sa'o'in juna ba sa tsufa tare? Kuma wane tasiri tsohuwar abota ke da shi a kan lafiyar jiki?

Yadda Aka Rabu da Yadda Aka Sake Haɗuwa

Zumuncin tsofaffin ɗalibai ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan ta koma Zariya a 1949, kuma ita ce aka sani da Kwalejin Barewa a yau. Tsofaffin ɗalibanta sun kafa ƙungiyarsu tun a ƙarshen shekarun 1930. A Daura ma, lokacin da marigayi Muhammadu Buhari yake shugabancin Nijeriya daga 2015 zuwa 2023, abokan karatunsa da suka shiga Midil ta Katsina tare a 1953 sun sha kai masa ziyara a gidansa a lokacin hutun Sallah. Sai dai irin wannan zumunci ya fi sauƙi ga 'yan tsirarun da suka yi fice, waɗanda kowa ya san inda suke.

Ga mafi yawan ɗalibai abin ba haka yake ba. Yaron da ya shiga firamare a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ya gama sakandare ne wajen 1987 ko 1988, daidai lokacin da aka ciro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna a watan Satumba na 1987. A wancan zamani hanyar sadarwa ita ce wasiƙa ta akwatin gidan waya, ko saƙon baka a hannun direban mota, ko gaisuwa a filin Zaɓi Sonka na rediyo. Da zarar mutum ya canza gari, shi ke nan an ɓata da shi. Mata sun fi saurin ɓacewa, domin aure yakan ɗauke yarinya daga Sandamu ya kai ta Kano ko Legas ko Damagaram, kuma a can sunan yanka yakan nutse, a koma kiran ta Maman wane ko Hajiya kawai.

Kafin 2001 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na wannan shekara aka fara amfani da wayar salula, kuma ya zuwa 2024 layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. An ƙirƙiro Facebook a 2004, aka sanya masa harshen Hausa a 2016. WhatsApp ya fito a 2009, ya samu zauren jama'a a 2011, sa'an nan saƙon murya a 2013. Da waɗannan sai neman tsohon aboki ya zama kamar jan zare: wane yana da lambar wane, shi kuma yana da ta wasu uku, kafin wata guda an tattaro rabin aji.

Inda Ƙwaƙwalwa ke Ajiye Abokai

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya, wato niyuron, kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa da take haɗuwa da dubban 'yan'uwanta, kuma a waɗannan mahaɗai ne saƙo ke tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Idan saƙo iri ɗaya ya yi ta bin hanya ɗaya, sai mahaɗan da ke kan hanyar su ƙara ƙarfi, tamkar yadda turbar da ake bi kullum zuwa rijiya ke fitowa fili a cikin ciyawa. Wannan ƙarfafuwar mahaɗai ita ce tushen tunawa. Eric Kandel ya nuna haka a jikin wani dodon koɗi na teku, kuma aikin ya sa ya samu kyautar Nobel a shekarar 2000.

Can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai wani sashe mai lanƙwasa da ake kira hifokamfus. Masana sun gane aikinsa ne ta hanyar wani majinyaci a Amurka, Henry Molaison, wanda aka cire masa mafi yawan wannan sashe ta ɓangarorin biyu a 1953, yana da shekara 27, don a rage masa farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya riƙe sabon labari ba. Likitan da ya gaisa da shi da safe baƙo ne gare shi da rana. Duk da haka yana iya ba da labarin ƙuruciyarsa. Wannan ya nuna cewa hifokamfus kamar magatakarda yake: shi ke rubuta sabon abu, amma da tafiya ta yi tafiya sai ajiyar ta bazu zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, inda takan zauna shekaru masu yawa. Barci yana da babban rabo a cikin wannan aikin kwashewa.

Ke nan abokin ajin da aka gani kowace safiya har shekara biyar ya samu maimaici sau ɗaruruwa, kuma an yi barci a kan kowane maimaici. Irin wannan turba ba ta shafewa da sauƙi ko da ciyawa ta rufe ta.

Fuska da Suna

A 1975 Harry Bahrick da abokan aikinsa a jihar Ohayo ta Amurka sun wallafa binciken da ya fi dacewa da wannan batu. Sun tara mutum 392 da suka gama sakandare, wasu makonni biyu kacal da suka wuce, wasu kuwa shekara 57. Da yake makarantun can suna buga kundin hotunan ɗaliban da suka kammala kowace shekara, sai aka yi amfani da shi wajen gwada su. A gwaji ɗaya an ce kowa ya lissafo sunayen abokan ajinsa da ka. A wani gwajin an haɗa hoton abokin aji ɗaya da na baƙi huɗu, aka ce ya nuna nasu.

Sakamakon ya ba da mamaki. Waɗanda suka bar makaranta da shekara 15 sun gane kimanin kashi 90 cikin 100 na hotunan. Waɗanda suka kai shekara 48 da barin makaranta sun gane kimanin kashi 70. Amma lissafo sunaye da ka ya yi ƙasa da haka ƙwarai, kuma ya fi saurin raguwa da shekaru. Darasin shi ne, ganewa daban, tunowa daban. Abin yana nan a ajiye, mabuɗi kawai yake jira. Wannan ne ya sa mutumin da zai rantse ya manta ajinsu kakaf, da zarar an ɗora tsohon hoton aji a zaure sai ya fara nuna mutane ɗaya bayan ɗaya, har da wurin zaman kowa.

Fuska tana da gata na musamman a ƙwaƙwalwa. Jariri sabon haihuwa ya fi bin abin da ya yi kama da fuska da ido fiye da sauran siffofi. A 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta sun yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka nuna wani ɗan wuri a ƙasan ɓawonta da ke ƙara aiki duk lokacin da mutum ya kalli fuska. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2018 ya ƙiyasta cewa matsakaicin mutum ya san fuskoki kimanin 5,000. Akwai kuma mutane, kimanin biyu cikin ɗari, da aka haife su da raunin gane fuska ko da idonsu lafiya lau yake. Saboda haka wanda ya kasa gane tsohon abokinsa ba lalle ne girman kai ya hana shi ba.

Suna ya fi fuska wuyar riƙewa domin babu abin da ya ɗaure shi da mai shi. A aji ɗaya ana iya samun Musa uku da A'isha huɗu. Laƙabi kuwa yana ɗauke da ma'ana: Dogo dogo ne, Ɗan Fago daga Fago ya fito. Shi ya sa a zauren tsofaffin ɗalibai mutum kan rubuta cikakken sunansa da muƙaminsa a yi shiru, sai ya faɗi laƙabinsa na makaranta sa'an nan zaure ya kaure da gaisuwa.

Me Ya Sa Shekarun Sakandare Suka Fi Zama a Rai?

A ƙa'ida, abin da ya fi daɗewa shi ya kamata ya fi dusashewa. Amma a 1986 David Rubin da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwajen da aka yi wa manya, inda ake faɗin kalma guda a ce mutum ya ba da labarin da ta tuna masa. Sun gano cewa mutanen da suka haura shekara 40 sun fi kawo labarai daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsu fiye da shekarun da suka biyo baya. Idan aka zana wannan a takarda sai ya fito kamar tozon raƙumi, kuma an sake samun wannan tozo a ƙasashe da al'adu daban-daban.

Masana sun kawo dalilai uku. Na farko, shekarun nan cike suke da abubuwan da mutum ya fara yi a karon farko: barin gida, kwana cikin baƙi, riƙe kuɗin kansa, fita gaban jama'a ya yi magana. Ƙwaƙwalwa ta fi kula da sabon abu fiye da abin da ta saba. Na biyu, ƙwaƙwalwar matashi tana cikin gini. Sashen gaba, mai kula da tsari da kamun kai, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sassan da ke amfani da sinadarin dofamin wajen jin daɗi da ɗoki suna kan ganiyarsu. Wannan ne ya sa yabon aboki ko dariyar aji ke shiga ran matashi fiye da yadda za su shiga ran dattijo. Kusa da hifokamfus akwai wani ƙaramin sashe mai suna amigdala, wanda ke kula da tsoro da fushi da sauran motsin rai, kuma idan ya motsa yakan sa a rubuta abin da ya faru da tawada mai kauri. Na uku, a waɗannan shekaru ne mutum ke gane ko shi wane ne, don haka yakan yi ta komawa gare su a zuci da baki, kuma kowace komawa maimaici ce.

Ƙanshi da sauti su ma mabuɗai ne masu ƙarfi. Saƙon hanci yana isa amigdala da maƙwabtan hifokamfus ta gajeriyar hanya, ba ya bin zagayen da saƙon ido da na kunne ke bi. Don haka warin hayaƙin fitilar kananzir na iya mayar da dattijuwa ɗakin karatun dare nan take, kamar yadda muryar Mamman Shata a rediyo ke mayar da wani bakin shagon da ke ƙofar makarantarsu.

Dalilin Saɓani a Kan Labarin Da

Duk wanda ya zauna a irin wannan zaure ya ga gardama a kan abin da kowa ya halarta. Wannan ya ce malamin lissafi ne ya kama su a kan katanga, wancan ya ce shugaban ɗalibai ne, kuma kowa yana da yaƙinin gaskiyarsa. Bayanin kimiyya shi ne tunawa ba kamar kaset take ba, wanda za a kunna ya maimaita abin da aka naɗa. Duk lokacin da mutum ya tuno abu, ƙwaƙwalwa tana sake harhaɗa shi daga gutsattsari, ta cike giɓi da abin da ta ga ya dace, sa'an nan ta mayar da shi ajiya da ɗan canjin da ya samu.

A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, suka tambaye su saurin motocin. Wasu an tambaye su da kalmar da ke nufin motocin sun ragargaji juna, wasu da kalmar da ke nufin sun bugi juna kawai. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Mutum 16 cikin 50 na rukunin farko suka ce sun gani, na rukuni na biyu kuwa 7 cikin 50. Idan kalma ɗaya ta yi wannan a mako ɗaya, mai karatu zai iya ƙiyasta abin da shekara talatin na hira za ta yi. Sanin wannan yana da amfani ga zumunci, musamman idan tsohon ɓacin rai ya taso: mai yiwuwa ne mutum biyu su saɓa a labari ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba.

Sa'o'in Juna, Tsufa Daban-Daban

Abu na farko da ke girgiza mutane idan aka fara musayar sababbin hotuna shi ne sauyin kama. Kolajin, wato furotin da ke sa fata ta tsaya da ƙarfi, yana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari kowace shekara bayan an girma. Ƙwayoyin da ke samar da melanin a tushen gashi sukan gaji, sai furfura ta fito. Daga wajen shekara 40 madubin cikin ido yakan yi tauri, ya kasa daidaita kansa don ganin abu na kusa, shi ya sa yawancin 'yan zauren ke nisanta waya daga fuska ko su nemi tabarau kafin su karanta saƙo.

Abin lura shi ne waɗannan sauye-sauye ba sa zuwa wa kowa da sauri ɗaya. A garin Danidin na ƙasar Niyuzilan masana suna bibiyar mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973 tun suna yara. A 2015 aka wallafa sakamakon auna 954 daga cikinsu, inda aka duba alamu 18 da suka shafi zuciya da huhu da ƙoda da hanta da garkuwar jiki da dasashi. Dukkansu shekararsu 38 a lissafin kalanda, amma a ma'aunin jiki wasu ba su kai 30 ba, wasu kuma sun doshi 60. Da aka nuna hotunansu ga mutanen da ba su san su ba, waɗanda jikinsu ya fi saurin tsufa su aka fi ɗauka a matsayin manya.

Gado yana da hannu a wannan bambanci, amma abinci da shan taba da motsa jiki da barci da wahalar rayuwa da cututtuka duk suna da nasu rabon. A shekarun da waɗannan tsofaffin ɗalibai suke ciki, hawan jini da ciwon suga su ne manyan abokan gaba, kuma dukkansu suna iya shafe shekaru suna ɓarna ba tare da wata alama ba. Kusan kowane zaure yana da jerin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ajali na Allah ne, amma rigakafi ya fi magani, kuma zauren da ke tunatar da 'ya'yansa su je a auna jininsu ya yi musu hidimar da ta fi tura hotunan barka da Juma'a.

Abokai Nawa Mutum ke Iya Riƙewa?

A 1992 Robin Dunbar, masani ɗan Ingila, ya kwatanta girman ɓawon ƙwaƙwalwar birai iri-iri da yawan garken da kowane iri ke rayuwa a ciki. Ya ga cewa gwargwadon girman ɓawon, gwargwadon girman garken. Da ya ɗora ɗan Adam a wannan ma'auni sai lissafi ya ba shi kimanin mutum 150, waɗanda yake ganin su ne iyakar da mutum ke iya yin hulɗa ta haƙiƙa da su. A cikinsu akwai kimanin 5 na ƙut da ƙut, sai 15, sai 50. Wasu masana, musamman a Suwidin a 2021, sun ƙalubalanci wannan lamba, suna ganin lissafin ba zai iya tsayar da adadi guda ba. Amma ba a musun cewa lokaci da hankalin mutum suna da iyaka. A binciken da Dunbar ya yi a 2016, masu amfani da Facebook suna da matsakaicin abokai 155, amma waɗanda suka ce za su iya dogara da su a lokacin tsanani kimanin huɗu ne kawai.

Dunbar da Sam Roberts sun kuma bibiyi wasu ɗalibai a Ingila na tsawon wata 18 daga lokacin da suke gama sakandare. Sun ga kusancin 'yan'uwa na jini bai ragu ba ko da an daɗe ba a gaisa ba, amma na abokai ya yi ta sanyi da zarar hulɗa ta ragu. Abin da ya fi riƙe abotar 'yan mata shi ne yawan hira, na samari kuwa yin wani abu tare. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da cewa zumunta a ƙafa take.

Wannan ba ya nufin tsohon abokin da ya yi nisa ba shi da amfani. A 1973 Mark Granovetter ya nuna cewa mutanen da ya bincika a Amurka sun fi samun labarin aiki daga waɗanda suke gani jefi-jefi fiye da aminansu na kullum, domin amini ya san abin da mutum ya sani, na nesa kuwa yana yawo a wata duniyar. Tsohon abokin aji ya haɗa abu biyu: yana da nisan da zai kawo sabon labari, yana kuma da tsohuwar yarda. Aji guda na iya ƙunsar ma'aikaciyar jinya da malami da ɗan kasuwa da manomi da lauya, kuma ta haka ne ake samun shawarar asibitin da ya dace, ko gurbin karatun yaro, ko gudummawar jinya da ta marayu, ko gyaran rufin aji a tsohuwar makaranta.

Zumunci da Lafiyar Jiki

A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta sun haɗa sakamakon bincike 148 da suka shafi mutum fiye da 300,000, waɗanda aka bibiya na matsakaicin shekara bakwai da rabi. Sun gano cewa masu ƙaƙƙarfar hulɗa da jama'a sun fi masu rauninta damar kaiwa ƙarshen lokacin binciken da rai da kimanin kashi 50 cikin 100. Irin wannan bincike dangantaka yake nunawa, domin rashin lafiya ma kan sa mutum ya janye daga jama'a. Amma akwai hanyar da jiki ke bi wadda aka sani. Idan mutum yana cikin damuwa, jikinsa yana fitar da sinadarin kotizol, wanda ke ɗaga sukari da bugun jini don shirin fuskantar haɗari. Wannan yana da amfani na ɗan lokaci, amma idan ya daɗe yakan raunana garkuwar jiki ya wahalar da zuciya. Zama da wanda aka yarda da shi yana kwantar da wannan tashin.

Shin saƙon waya yana yin wannan aiki? A 2012 Leslie Seltzer da abokan aikinta a jihar Wiskonsin ta Amurka sun sa 'yan mata ƙanana su yi jawabi da lissafi a gaban baƙi don hankalinsu ya tashi, sa'an nan suka raba su huɗu. Wasu suka gana da uwayensu ido da ido, wasu suka yi magana da su ta tarho, wasu suka yi musayar rubutaccen saƙo da su, wasu kuma ba su yi hulɗa da su ba sam. Waɗanda suka ga uwa ko suka ji muryarta, kotizol ɗinsu ya sauka, oksitosin kuma, sinadarin da ke tare da shaƙuwa, ya hau. Masu rubutaccen saƙo kuwa ba su bambanta da waɗanda ba su yi hulɗa da kowa ba. An yi gwajin ne a kan yara da uwayensu, amma ishararsa a fili take: murya tana ɗauke da abin da rubutu ba ya ɗauka.

Inda Ake Tuntuɓe

Kowane alheri da irin ƙalubalensa. Na farko shi ne gwada kai da wasu. Leon Festinger ya bayyana a 1954 cewa mutum yana auna kansa ne da waɗanda suka yi kama da shi, kuma babu wanda ya kai abokin aji kama da mutum, tun da daga layi ɗaya aka tashi. A zaure kuwa kowa abin farin cikinsa yake nunawa: sabon gida, aikin Hajji, ɗa ya gama jami'a. Bashi da ciwo ba sa shiga hoto. Wanda ya manta da haka zai iya kwana da baƙin ciki a kan rabin labari, kuma sau da yawa wanda ya fi bukatar taimako shi ne wanda ya yi shiru ya fice.

Na biyu shi ne labarin ƙarya, wanda yarda ke ba shi ƙafa. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Nijeriya, saƙo ya bazu ta waya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama kuma suka kwanta a asibiti. Yawancin waɗanda suka tura saƙon da kyakkyawar niyya suka tura. Na uku shi ne damfara. Ɓarawo kan kira mutum da sunan ɗan zaure, ya ce ana shirin taro, ya nemi lambobi shida da suka shigo wayarsa. Da ya same su sai ya ƙwace asusun, ya shiga roƙon kuɗi da sunan mai shi. Waɗannan lambobi ba a ba kowa, kuma duk roƙon kuɗi a tabbatar da shi ta kiran murya.

Kammalawa

Malamin ilimin halittu zai iya mayar da wannan batu aikin aji. Kowane ɗalibi ya nemi wani babba a gidansu da ke da tsohon hoton aji. Da farko ya roƙe shi ya lissafo sunayen abokan ajinsa da ka na minti biyar, a ƙirga. Sa'an nan a miƙa masa hoton, a ƙirga fuskokin da ya gane da waɗanda ya iya kiran sunansu. A rubuta shekarar da ya bar makaranta, a haɗa sakamakon aji duka a allo, a kwatanta da na Bahrick. Da wannan ɗalibai za su ga bambancin ganewa da tunowa da idonsu. Darasin ya shafi jarrabawa ma: ɗalibin da ya sake karanta littafi ya ji kamar ya sani, ganewa kawai ya yi, alhali takardar jarrabawa tunowa take nema, kuma wannan ba ta samuwa sai ya rufe littafin ya gwada kansa.

Ga manya kuwa, wani bincike da Lara Aknin da Gillian Sandstrom suka wallafa a 2024 ya nuna cewa ko da mutum yana son ya tuntuɓi tsohon aboki, yana da lambarsa, an kuma ba shi lokacin rubuta saƙo, waɗanda suka aika ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Nauyin fara magana shi ne babban shinge. Wayar hannu ta kawar da nisa, ƙwaƙwalwa kuma ta adana fuskokin. Saura mutum ya ɗaga waya ya kira, in kuma hali ya yi, a sa ranar haɗuwa a lokacin Sallah ko Sallar Gani, sa'ad da 'yan ƙasar Daura ke komawa gida.